Farfaɗowa daga daɗaɗɗen ciwon wuya

Farfaɗowa daga daɗaɗɗen ciwon wuya na nufin matakan da ake bi domin rage zafi da dawo da ƙarfi da motsin wuya ga mutumin da ciwonsa ya haura wata 3, ko wanda ciwon ke tafiya yana dawowa tsawon shekaru. Likitocin fisiyo, waɗanda aka fi sani a asibitocin ƙasar Hausa da likitocin gashin ƙashi, su ne ke jagorantar wannan aiki, a wasu lokuta tare da likitocin ƙashi, na jijiyoyi da masana halayyar ɗan Adam. Ginshiƙin jinyar shi ne atisayen da mai ciwo yake yi da kansa, a kai a kai, na tsawon watanni. Tausa, gashi, tsira allura da magunguna suna taimakawa ne wajen sassauta zafin har mutum ya samu damar motsawa, kuma amfanin mafi yawansu ba ya daɗewa idan su kaɗai aka dogara da su.

Yawan masu ciwon

Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta kiyasta cewa mutum miliyan 203 ne ke fama da ciwon wuya a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 269 a 2050. Ya fi yawa ga mata, kuma ya fi kama masu shekara 45 zuwa 74. Ciwo ne mai yawan kome. Kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa kan ciwon wuya, wanda ya fitar da rahotonsa a 2008, ya gano cewa kashi 50 zuwa 85 cikin 100 na masu ciwon suna sake kokawa da shi bayan shekara 1 zuwa 5. Saboda haka manufar jinya ba ta tsaya ga kawar da zafin yau ba, ta haɗa da koya wa mutum yadda zai yi idan ciwon ya sake tashi.

Tsarin wuya da tushen ciwon

Wuya yana da ƙasusuwa 7 da ke jere a kan juna, suna ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Kimanin rabin waiwayen da mutum ke yi yana faruwa ne tsakanin ƙashi na ɗaya da na biyu. Daga na biyu zuwa ƙasa akwai faifai mai taushi tsakanin kowane ƙashi da na ƙasa da shi, sannan akwai ƙananan gaɓoɓi biyu ta baya. Laka tana ratsa tsakiyar ƙasusuwan, jijiyoyi 8 kuma suna fita ta kowane gefe zuwa ƙeya, kafaɗa da hannu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa na iya yin ciwo, amma ga mafi yawan masu daɗaɗɗen ciwon wuya ba a iya nuna wuri guda a ce nan ne tushen. Hoton ƙashi ma ba ya raba gardama. A 2015 an wallafa sakamakon hoton MRI da aka yi wa mutum 1,211 a Jafan waɗanda babu mai ciwon wuya a cikinsu, aka samu fiye da kashi 87 cikin 100 suna da faifan da ya bulluƙo. Zaizayar gaɓoɓi da motsewar faifai suna zuwa da shekaru kamar furfura. Wannan ne ya sa ƙa'idojin jinya ba sa shawartar a yi wa kowa hoto, domin mutumin da aka ce masa ƙashin wuyansa ya lalace yakan tsorata ya daina motsa wuyan, daina motsin kuwa shi ke ƙara riƙewa da rauni.

Abubuwan da aka fi alaƙanta su da daɗewar ciwon sun haɗa da tsananin zafi tun farko, taɓa yin ciwon a baya, damuwa, ƙarancin barci, matsin aiki da tsoron motsi. Wani kaso kuma yana biyo bayan fizgar wuya a hatsarin mota ko babur, inda kai ke wurguwa baya da gaba cikin ƙiftawar ido. Kusan rabin waɗanda suka gamu da wannan suna jin sauran ciwo bayan shekara guda.

Bincike kafin fara jinya

Kwamitin 2008 ya kasa ciwon wuya mataki huɗu. Na ɗaya, ciwon da bai hana mutum harkokinsa ba. Na biyu, wanda ya hana. Na uku, wanda ke tafe da alamar danne jijiya, kamar zafi mai sauka hannu, dindiris a yatsu ko raunin damƙa. Na huɗu, wanda ke da babbar cuta a ƙarƙashinsa, irin su karaya, kansa, ƙwayar cuta a ƙashi ko danne laka. Atisaye da sauran hanyoyin farfaɗowa na matakai uku na farko ne. Mataki na huɗu aikin likitan ƙashi ne ko na jijiyoyi.

Alamomin da ke sa a dakatar da atisaye a garzaya asibiti su ne rama ba dalili, zazzaɓi da gumin dare, zafin da ba ya lafawa ko an kwanta, layi a tafiya, kasa ɓalla maɓalli ko riƙe cokali, da kasa riƙe fitsari. A ƙasashen da tarin fuka ya yawaita, ciki har da Najeriya, ana sa ido kan tarin fukan ƙashin baya, wanda a wasu lokuta yake kama wuya. Sanƙarewar wuya farat ɗaya tare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi a yankin Sahel, ana ɗaukar ta a matsayin sanƙarau ne har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne.

Domin auna ko jinya tana aiki, ana yawan amfani da ma'aunin naƙasar wuya da Howard Vernon da Silvano Mior suka fitar a Kanada a 1991. Tambayoyi 10 ne kan zafi, ciwon kai, barci, karatu, aiki, tuƙi, ɗaga kaya da makamantansu, kowace tana da maki 0 zuwa 5.

Atisayen ƙananan tsokokin ciki

A gaban ƙasusuwan wuya, can ciki bayan maƙogwaro, akwai siraran tsokoki biyu da ake kira longus colli da longus capitis. Aikinsu riƙe ƙasusuwan ne daram yayin da kai ke motsi. Binciken Gwendolen Jull da abokan aikinta a Jami'ar Queensland ta Ostareliya ya nuna cewa ga masu ciwon wuya waɗannan tsokoki suna yin sanyi kuma suna makara wajen kama aiki, sai manyan tsokokin waje su karɓi aikin da ba nasu ba, su gaji, su ɗaure.

Yadda ake horar da su abu ne mai sauƙin gani amma mai wuyar yi daidai. Mutum zai kwanta rigingine, ya sunkuyar da haɓa a hankali kamar mai gyaɗa kai alamar amincewa, ba tare da ya ɗaga ƙeyarsa ba. A asibiti ana sa wata 'yar jakar iska mai ma'auni a ƙarƙashin wuya, a hura ta zuwa 20, mai ciwo ya riƙa kai allurar ma'aunin 22, 24, har zuwa 30, yana riƙewa daƙiƙa 10 sau 10 a kowane mataki. Likita yana taɓa gefen wuya domin ya tabbatar manyan tsokokin ba su kumbura ba, saboda idan suka shiga aikin an ɓata manufar. Inda babu jakar, tawul da aka naɗe da idon likita sun wadatar. A wani gwaji da Jull ta jagoranta kan mutum 200 masu ciwon kai da ke tasowa daga wuya, wanda aka wallafa a 2002, mako 6 na wannan atisaye ya rage yawan ciwon kan da zafin wuyan, kuma sauƙin ya kai shekara guda.

Atisayen ƙarfi da na juriya

Gwajin da aka fi ambata a wannan fanni shi ne na Jari Ylinen a Finlan, wanda mujallar JAMA ta buga a 2003. An ɗauki mata 180 ma'aikatan ofis masu daɗaɗɗen ciwon wuya aka kasa su uku. Kashin farko sun yi atisayen ƙarfi da roba mai talewa da ake zagaya wa kai, ana ja wuya yana turjewa. Na biyu sun yi atisayen juriya, wato ɗaga kai daga kwance sau da yawa. Waɗannan kashi biyu duk sun haɗa da ɗaga ƙarfe domin kafaɗu da hannuwa. Kashi na uku shawarar miƙe jiki da motsa jini kawai aka ba su. Bayan wata 12, zafi da naƙasa sun ragu sosai ga kashi biyun farko fiye da na uku. Ƙarfin sunkuyar da wuya ya ƙaru da kashi 110 cikin 100 ga masu robar, da kashi 28 ga masu atisayen juriya, da kashi 10 kacal ga sauran. Da aka sake duba su bayan shekara 3, sauƙin yana nan. Abin lura a nan shi ne tsawon lokacin: shekara guda cur ana yi a gida sau da yawa a mako, ba mako biyu ko uku ba.

Sai dai ba lallai ne atisayen ya ci lokaci mai yawa a kullum ba. A Denmak, Lars Andersen ya gwada mutum 198 masu yawan ciwon wuya da kafaɗa. Wasu sun riƙa ɗaga hannuwa gefe suna jan roba na minti 2 a rana, wasu na minti 12, kwana 5 a mako har mako 10. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna zafin ya ragu da maki 1.4 cikin 10 ga masu minti 2, da maki 1.9 ga masu minti 12. Ratar ba ta da yawa, kuma minti 2 abu ne da tela ko direba zai iya cirewa daga aikinsa.

Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya tattara gwaje-gwaje 27, ya kammala cewa ƙarfafa tsokokin wuya, allon kafaɗa da hannu yana rage zafi, amma miƙe tsoka shi kaɗai ba a sa ran zai yi wani tasiri. Nazarin ya kuma ce babu ko ɗaya daga cikin hujjojin da ya kai matakin inganci mafi girma. Har yanzu babu nau'in atisayen da ya yi wa saura fintinƙau. Yoga, Pilates, tai chi da tafiyar sauri duk sun nuna amfani a ƙananan gwaje-gwaje, shi ya sa likitoci da dama suke zaɓar wanda mai ciwo zai iya lazimta a kan wanda ya fi kyau a takarda. Ƙaruwar zafi kaɗan a makonnin farko abu ne da aka saba gani, kuma ba dalilin dainawa ba ne muddin yana lafawa cikin kwana guda. Shi ne kuma lokacin da mutane suka fi watsar da atisayen.

Ga masu jiri ko rashin daidaiton gani tare da ciwon, ana ƙara horon ido da kai: kafa ido kan abu guda ana juya kai, ko rufe ido a juya kai a yi ƙoƙarin dawo da shi daidai inda aka fara.

Aikin hannu

Aikin hannu iri biyu ne: motsa gaɓoɓin wuya a hankali, da murɗa su da sauri har a ji ƙas. Dukansu suna rage zafi na ɗan lokaci, kuma gwaje-gwaje ba su nuna ɗaya ya fi ɗaya ba. A gwajin Gert Bronfort na 2001 a Amurka kan mutum 191, waɗanda aka haɗa musu murɗa da atisaye sun fi waɗanda aka yi wa murɗa kaɗai samun ƙarfi da gamsuwa. Murɗa wuya da sauri tana da alaƙa da wani haɗari da ba a cika gani ba amma mai tsanani, wato tsagewar jijiyar jini da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini, wadda kan jawo shanyewar ɓarin jiki. Masana sun saɓa kan ko murɗar ce ke jawo tsagewar, ko kuwa mai tsagewar ne ciwon wuya ke kai shi neman magani tun farko. Duk da haka, da yawa daga cikin likitoci sun gwammace su motsa wuyan a hankali ko su murɗa gadon baya na sama, inda wannan haɗari babu shi. Tausa tana sassauta tsoka, amma sauƙin nata bai cika wuce kwanaki ba.

Ilimantarwa da gyaran tunani

Bayani mai kyau yana cikin magani. Gwajin da ya fi nuna haka an yi shi ne a Ostareliya, mujallar Lancet ta buga shi a 2014. Mutum 172 masu daɗaɗɗen ciwo bayan fizgar wuya aka raba biyu. Rabi sun samu zama 20 na atisaye tare da likita cikin mako 12, rabi kuma zama guda na minti 30 da shawarwari da damar tuntuɓa ta waya. Ba a samu bambanci a zafin da suke ji ba. Ciwon fizgar wuya da ya daɗe sau da yawa yana tafe da firgicin hatsarin da kuma ƙaruwar saurin jin zafi a laka da ƙwaƙwalwa.

Jinyar gyaran tunani da ɗabi'a tana koya wa mutum gane tunanin da ke hana shi motsi, da komawa ayyukan da ya ƙaurace musu sannu a hankali, da raba aiki yadda ba zai yi da yawa ranar sauƙi ya kwanta washegari ba. Ita kaɗai tasirinta ƙarami ne. Ta fi amfani idan an haɗa ta da atisaye ga wanda tsoro ko damuwa suka yi wa yawa.

Zama, waya da ɗaukar kaya

An daɗe ana ɗora laifin ciwon wuya kan sunkuyo. Wani lissafi da likitan tiyata Kenneth Hansraj ya wallafa a 2014 ya ce idan kai ya sunkuya digiri 60, kamar mai duba waya, nauyin da ke kan wuya yakan kai kilo 27. Adadin ya yaɗu a kafofin labarai, amma lissafin kwamfuta ne, ba a kan mutane aka auna shi ba. Binciken da aka yi kan matasa a Ostareliya a 2016 da Birazil a 2018 bai samu alaƙa tsakanin yanayin riƙe kai da ciwon wuya ba. Abin da ake shawarta yanzu shi ne yawan sauya zama da miƙewa lokaci zuwa lokaci, maimakon a dage da zama ƙiƙam. Gyara tsayin kujera da allon kwamfuta yana taimakon wasu, amma shi kaɗai bai kai atisaye ba. Matashin kai kuwa, wanda ya cike tsakanin kunne da kafaɗa ba tare da ya karkata wuyan ba ya isa.

Ɗaukar kaya a ka wani batu ne daban. Wani bincike da aka yi a Ghana a 1994 ya samu zaizayar ƙashin wuya ta fi yawa ga masu dakon kaya a ka. Ga 'yan dako, masu talla da mata masu ɗebo ruwa da itace, shawarar hutu ba ta da amfani tunda abincinsu ke nan. Abin da ake iya yi shi ne rage nauyin kowane sawu, sa gammo mai kauri, neman a aza wa mutum kayan a kuma sauke masa, da amfani da baro inda hanya ta ba da dama.

Allura, ƙaho da na'urori

A gwajin da Jami'ar York ta Ingila ta wallafa a 2015 kan mutum 517, tsira allura irin ta Sin sau 12 ta rage zafi da naƙasa da kashi 32 cikin 100 bayan shekara guda, darussan Alexander na koyon sarrafa jiki sun rage da kashi 31, kulawar da aka saba kuma da kashi 23. Ƙaho, wanda wanzamai suka daɗe suna yi a ƙeya da kafaɗu, an gwada shi a ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna sauƙi na gajeren lokaci, amma ingancinsu bai kai a gina hukunci a kai ba, kuma tsaga da askar da ba a tsabtace ba tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Jan wuya da na'ura da kuma na'urar lantarki da ake manna wa fata ba su da gamsasshiyar hujja. Gashi da ruwan ɗumi ba shi da tsada kuma yana sauƙaƙa fara atisaye. Kwalar wuya ba a son a daɗe da ita, domin tana raunana tsokokin da ake neman ƙarfafawa.

Magunguna da tiyata

Magungunan rage zafi irin su ibuprofen da diclofenac ana shan su ne na 'yan kwanaki idan ciwon ya tashi. Daɗewa ana shan su na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, haɗarin da ya fi yawa inda ake sayen su a kyamis ba tare da takardar likita ba. Tramadol da danginsa ba a shawartar su ga daɗaɗɗen ciwon wuya saboda jaraba. Ga waɗanda allurar gwaji ta tabbatar ciwonsu daga ƙananan gaɓoɓin baya yake, ana iya ƙona 'yar jijiyar da ke kai saƙon zafin. A gwajin 1996 kan mutum 24 a Ostareliya, sauƙin ya kai kimanin kwana 263 ga waɗanda aka yi wa aikin, da kwana 8 ga waɗanda aka yi wa na boge. Jijiyar tana sake tsirowa, don haka akan maimaita.

Tiyata ta danne laka ce, ko danne jijiyar da ke ƙara raunana hannu ko wanda ya ƙi jin jinya. A wani gwaji a Siwidin da aka wallafa a 2013, masu danne jijiya da aka yi wa tiyata sun fi saurin samun sauƙi a shekarar farko, amma zuwa shekara ta biyu ratar da ke tsakaninsu da waɗanda suka yi fisiyo kaɗai ta ragu.

A Najeriya

Aikin fisiyo ya fara a Najeriya a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin a 1966. Dokar da ta kafa hukumar da ke yi wa masu aikin rajista ta fito a 1988. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala a Kano da Jami'ar Bayero suna cikin manyan wuraren horo da jinya. Likitocin sun taru ne a manyan asibitocin birane, don haka mai ciwon wuya a ƙauye yakan fara da mai tausa, wanzami ko mai kyamis, wanda kuma ya kai asibiti kuɗin mota kan hana shi zuwa sau biyu ko uku a mako. Wannan ya sa atisayen gida, wanda ba ya buƙatar fiye da tabarma, tawul da roba, yake da muhimmanci na musamman. Bashir Kaka na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun fassara ma'aunin naƙasar wuya zuwa Hausa, aka wallafa a 2016, sannan a 2018 suka wallafa gwajin da suka yi a Kano wanda ya kwatanta atisayen riƙe wuya daram da atisayen motsa shi na tsawon mako 8, tare da auna zafi, damuwa da fargabar masu ciwon.